Amsa: Kajina sun mutu bayan na yi musu rigakafi

Ɗan'uwa, ka ce kwana 4 bayan ka ba kajinka rigakafin cutar Niyukasul a ruwan sha sai suka fara mutuwa, kana tambaya ko rigakafin ne ya kashe su, kuma ko ka ɗura musu maganin oksitetrasaiklin. Allah ya mayar da alheri.

Da wuya a ce rigakafin ne. Abin da ke cikin kwalbar, irin su LaSota, bairos ne mai rai amma marar ƙarfi, aikinsa kawai ya nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba. Jikin kaza na bukatar kusan mako 2 kafin ya tara sojojin kariya. Ita kuwa cutar tana iya ɓuya kwana 2 zuwa 15 kafin ta nuna alama, don haka na fi zargin tun kafin ka buɗe kwalbar ta riga ta shiga garken.

Sai ka binciki yadda aka ba su rigakafin. Tunda mai rai ne, zafi na kashe shi. Wurin ajiyarsa firiji ne, digiri 2 zuwa 8. Ruwa mai sinadarin kulorin ma yana kashe shi, kuma in an dama a shanye cikin awa 2. Nan ne mutane da yawa ke asara ba su sani ba.

Oksitetrasaiklin bakteriya yake yaƙa, ba ruwansa da bairos. Iyakarsa ya tare wata cutar da za ta hau kai. Ka ware marasa lafiyar, masu murɗe wuya da koren kashi, ka kai gawa ɗaya likitan dabbobi ya buɗe kafin ka sayi komai.