Auna ɗan wasan jami'a kafin zaɓen NFL

Malam, kana tambaya ko gudun yadi 40 da ake gwadawa a Indiyanafolis ya isa a gane ɗan wasan jami'a da zai yi fice a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Bai isa ba. Fara da kallon cikakkun wasanninsa, musamman da manyan jami'o'i. A guntayen YouTube kowa gwani ne. Ka lura ko tsarin koci ne ke rufa masa asiri.

Agogo na yaudara. John Ross ya yi gudun cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, aka ɗauke shi na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL ke yi, raunuka suka hana shi sakat. Tom Brady kuwa, mai nauyin ƙafa, shi ne na 199 a 2000, amma ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen NFL.

Idan kuma an taɓa yi wa ɗan wasan tiyata a gwiwa, bar wa likitocin ƙungiyoyi maganar, su ke ganin hoton gwiwar.