Amsa: Ina zan je in ɗauki hoton taurari a kusa da Kaduna?

Malam, ka ce daga saman bene a Barnawa kake ɗauka, hoton yana fitowa ja-ja babu tauraro ko ɗaya, har kana tunanin tafiya gandun dajin Kamuku. Kyamararka lafiyarta lau, hasken fitilun gari ne ke cinye taurarin. Kamuku kam akwai duhu, amma hanyar Birnin Gwari da dare ban ba ka shawara ba. Nemi ƙauyen da kake da ɗan'uwa, ka isa da rana, ka gaida mai unguwa ya san da zuwanka.

Lokaci shi ne babban abu. Ka jira ƙarshen watan Musulunci, daga 27 zuwa 29, sa'ad da babu farin wata. Kuma kada ka bari hazon hunturu ya sauka, don ƙura tana dusashe komai. Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama, ya fi.

Ɗora kyamarar kan sanda mai ƙafa uku, sa ISO (ma'aunin ƙarfin kama haske na kyamara) a 1600 zuwa 3200, buɗe ƙofar lens ɗin (idon kyamara) iyakarta, ka bar kyamarar ta yi daƙiƙa 15 zuwa 20 tana ɗaukar hoto ɗaya. Ka wuce haka, taurarin za su ja wutsiya saboda juyawar duniya. Fara da Kaza da 'Ya'yanta, suna fitowa gabas bayan Isha'i. Ka sa takalmi rufaffe, akwai macizai a ciyawa.