Yatsan da ya goce a filin ƙwallo

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce ƙwallo ta buge masa yatsa, gaɓar tsakiya ta karkace, abokansa suka ja ta koma, kana tambaya ko a bar shi haka tunda yana motsa shi.

Don Allah kada a bari. Motsi ba ya nuna babu karaya. Sau da yawa in gaɓa ta goce, ɗan ɓallin ƙashi kan tsinke tare da jijiya, kuma hoton ƙashi ne kawai zai nuna. In da zobe a yatsan, a cire yanzu kafin kumburi ya riƙe shi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, ya ɗaga hannun sama. Sa shi ya dunƙule hannu: in yatsan ya hau kan na kusa da shi, ƙashin ya murɗe, wataƙila sai an yi aiki.

In hoto ya nuna gocewa ce kawai, yawanci ana haɗa shi da maƙwabcinsa da filasta, ya fara lanƙwasawa da wuri. Abin da nake tsoro shi ne ɗauri mai tsanani na makonni, don gaɓar nan saurin sandarewa gare ta. In kuna Kano, ku je Asibitin Ƙashi na Dala cikin kwanakin nan.