Hajiya, ki gwada nutson, amma ki kula da kunne

Hajiya, kin ce za ku tafi Masar hutu daga Katsina da maigida da yara, kina so ki gwada nutso da tukunyar iska amma ba ki taɓa yi ba. Wallahi ki gwada. Ni ma daga Daura na tafi, ban taɓa shiga teku ba sai a Bahar Maliya.

Ki nemi darasin gwaji na kwana ɗaya na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso. Za a fara miki a ruwa marar zurfi, malami na gefenki, kuma ba a wuce mita 12. Yaro sai ya kai shekara 10.

Kunne ne abin lura. Da kin fara sauka za ki ji ya toshe, sai ki matse hanci ki hura a hankali. Idan bai buɗe ba, ki ɗan taso. Mai mura ya haƙura, mai asma ya fara ganin likita. Kuma kada ki riƙe numfashi ko kaɗan, musamman wajen tasowa, iska kan kumbura a huhu.

Ni dai ban manta wani ƙaramin kifi ruwan ɗorawa da ya tsaya daidai tabarau ɗina yana kallona ba.

Ki bar aƙalla awa 18 tsakanin nutso da hawa jirgin dawowa.