Ot mai kwana a jiƙe: me za a saya, me za a haɗa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗiyata ta dawo hutu daga karatu a Faransa, ta ce ta daina cin nama da ƙwai da nono, har zuma ba ta taɓawa. Abin da take karyawa da shi can, hatsin ot ne, wato Quaker, da ake jiƙawa tun dare da madarar ot ɗin. Na ga madarar cikin kwali a wani babban kanti nan Garwa, amma kuɗinta ya sa na ja da baya. In daure in saya, ko akwai wata dabara? Daga wata uwa a Garwa.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya sa albarka a karatun. Ki bar kwalin nan a kantinsa. Abin da ya kamata ki kashe wa kuɗi shi ne hatsin kansa, domin ba ma noma shi a nan. Ot shukar ƙasashen sanyi ce, su Rasha da Kanada ne kan gaba wajen nomanta, dole sai an shigo mana da ita. Madarar kuwa mafi yawanta ruwa ne. In kin sayi kwali, kuɗin dakon ruwa daga Turai zuwa Duwala, daga can zuwa Garwa kike biya, ga kuma Binuwai a ƙofar gida.

Wajen sayen hatsin, ki nemi wanda aka baje shi fale-fale, mai ɗan kauri. Shi an riga an turara shi a masana'anta kafin a matse shi, shi ya sa ake iya cinsa ba tare da ya hau wuta ba. Wanda aka yi wa lakabin mai saurin dahuwa ma zai yi, sai dai kafin safiya ya narke ya koma kunu. Akwai wanda aka daddatsa ƙwayarsa kawai ba a baje ba, wannan sai an dafa, ki bar shi. Ƙananan ledojin nan masu ɗanɗanon ayaba ko cakulan, ki juya bayansu ki karanta: in kin ga lait ko miel, wato madara ko zuma da Faransanci, to ba na ɗiyarki ba ne, ga kuma sukari jingim. In kin buɗe gwangwani ki sunsuna. Ot ya fi gero da dawa mai, kuma zafin ƙasarmu yana saurin tsufar da shi. In kin ji warin tsohon mai, ko kin tauna kin ji ɗaci, ki mayar wa mai kanti kayansa ko da kwanan watan bai ƙare ba.

Madarar ba ta da wuya, amma tana da tarko ɗaya: yauƙi. Kofi ɗaya na ot, kofi huɗu na ruwa mai sanyi sosai, ɗan gishiri a bakin yatsa. Kada ki jiƙa shi kafin niƙa. Ki zuba a bilenda ki kunna kamar daƙiƙa 30, ki kashe. Ki tace da ƙyalle mai tsabta, irin wanda ake tatar gasara, ki bar shi ya tsiyaye da kansa. Hannunki zai so ya matse, tun da haka muka saba yi da kamu da kunun aya, to ki hana shi. Ot yana ɗauke da sitaci da wani zare mai narkewa a ruwa da ake kira bita-gulukan, kuma ɗumi da yawan niƙa da matsa su ne ke fito da su, sai ki ga madara tana jan zare kamar miyar kuɓewa. Dusar da ta rage a ƙyallen kada ki zubar, ki zuba ta cikin kunu ko ƙullin masa.

Daga nan sai haɗin dare. A kwalba mai murfi, rabin kofi na ot, madarar ta ɗan haura kansa, dabino biyu ko uku a yayyanka, a rufe a sa a firigo awa 6 zuwa 8. Da safe a ɗora ayaba ko mangwaro. Ɗiyarki za ta iya tambayar ƙwayar ciya (chia), wasu ƙananan 'ya'yan tsiro da ake gani a hotunan intanet. Ba dole ba ce. Soyayyen riɗi yana kasuwa, ga araha ga ƙamshi.

Inda nake so ki tsaya da kyau, Hajiya, shi ne abin da ke cikin kwalbar. Ot a cikin ruwan ot, hatsi ne a kan hatsi. Madarar shanu tana da sinadarin gina jiki wajen giram 3 a kowace mililita 100, ta ot ta kwali kusan giram 1, ta gida ma ba ta fi haka ba. Ta kwalin sau da yawa ana ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi da bitamin B12, taki ba ta da su. Wannan kaɗai ne abin da kwali ya fi ki da shi. Giɓin gina jiki gyaɗa za ta cike shi, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta shi ne: babban cokali ɗaya na markaɗen gyaɗa a dama cikin kwalbar, kuma ɗanɗanon ma ya fi. Ni da za a bar ni, da madarar gyaɗa ko ta waken suya zan jiƙa shi gaba ɗaya, amma tun da ta ot yarinya ta nema, a yi mata. In tana kewar tsamin kindirmo, ƙaramin cokali na garin ƙwamen kuka yana kawo shi. B12 kuwa babu hatsi ko ganyen da zai ba ta. In da gaske ta bar kayan dabba kwata-kwata, ƙwayarsa za ta riƙa sha, ta yi magana da likita ko mai famasi. Wannan ya fi duk wata muhawara da dangi za su tayar a kan ta ƙi nama.

Tambaya: Anti, ni ɗalibi ne a Marwa, ɗaki ɗaya nake haya, ba ni da firigo. Zan iya jiƙa shi da dare in ajiye a bakin taga ko kusa da randa?

A'a, ƙanena. Waɗanda suka saba da wannan abinci a ƙasar sanyi suke. Asalinsa ma wani likitan Suwizalan ne, Bircher-Benner, ya riƙa ba majinyatansa jiƙaƙƙen ot da tuffa a Zurik wajen shekarar 1900. Kai kana garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, dare ma ƙasa ba ta hucewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma randa, duk sanyin ruwanta a maƙogwaro, ba ta kusa da digiri 5 ba. Za ka ce ai ana jiƙa gero ya kwana har ya yi tsami. Haka ne, amma gasara ruwan zafi take gani kafin ta shiga ciki. Wannan kuwa daga kwalba sai baki.

Abin da za ka yi: in ka tashi asuba ka jiƙa, kafin ka dawo daga masallaci ka yi wanka, minti 30 zuwa awa ɗaya, ya yi laushin da za a ci, musamman mai saurin dahuwan nan, wanda a nan shi ya fi dacewa da kai. Madarar ma ka manta da ita, tun da ba ka da inda za ka ajiye, bilenda ma da wuya kana da ita. Ka dama gyaɗa da ruwa ka zuba. Ruwan ya zama wanda ka amince da shi, tafasasshe da ya huce ko na gora, balle da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. In kana da kula kuma ana sayar da ƙanƙara a unguwarku, kwana ɗaya zai yi, muddin ka buɗe da safe ka tarar da sauran ƙanƙara ba ta narke ba. Masu firigo ma wannan ya shafe su: in wuta ta ɗauke tun tsakar dare ba ta dawo ba, a juye shi a tukunya a dafa.

Tambaya: Anti, daga Njamena nake. Nonon shanu yana kumbura min ciki. Ina so in koma madarar ot, in riƙa ba yarona ɗan wata 8 ita ma. Kuma kwana nawa take yi?

Ke ki sha, 'yar'uwa, shi kada ki ba shi a madadin nono. Ba ta da mai da gina jikin da jariri ke buƙata, cika masa ciki kawai za ta yi. Ki ci gaba da shayar da shi, ki haɗa masa da kunu dafaffe mai gyaɗa, ot ɗin ma in za ki ba shi ki dafa. Ke kuma kafin ki yi sallama da kayan shanu, ki gwada kindirmo kaɗan. Da yawa waɗanda ɗanyar madara ke damu suna shan mai tsami lafiya, domin tsamin yana rage sukarin madarar da cikinsu ya kasa narkarwa.

A firigo mai aiki, madarar gida tana kai kwana 3, wasu su ce 5, ni dai a zafinmu ba na wuce ukun. Za ki ga ta rabu, ruwa a sama gari a ƙasa, ba lalacewa ba ce, girgiza kwalbar za ki yi. In ta yi tsami ko kin ji iska ta fito da ƙara lokacin buɗe murfin, ki zubar. Kada ki sa ta a shayi mai zafi ko ki ɗora ta a wuta, kauri za ta yi. Ga dabinon Faya da riɗi a kasuwarku, ba sai kin sa sukari ba, kuma ki riƙa yin rabin awo, rabin kofi na ot da kofi biyu na ruwa, don kada ta yi miki yawa.