Ga mai tambayar gidan sandar wasan biyar (sinuka): ka auna ta tukuna, ka kuma tuna inda muke zaune

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, wuta ce ta ɗauke, waya ta mutu, sai yanzu na samu zama. Ka ce yayanka ya aiko maka da sandar wasan biyar mai ɓangare biyu da ake haɗawa, wasan nan da mutanen Kano ke ce wa sinuka, kana so ka san wane gida, wato jakar ajiye ta, za ka saya mata: mai laushi irin na yadi, ko mai tauri, kuma ko tsadar mai taurin ta cancanta. Na fi shekara goma ina yawo da sanda a garin nan namu na Damagaram, tun daga teburan Zango har na Sabon Gari, na kashe sanda ɗaya da hannuna, ta biyu kuma da ƙyar ta sha. Amsata ita ce mai tauri. Amma kada ka ba kowa ko dala sai ka ɗauko awon tela ka auna ta.

Sanda idan an ɗaura ta tana kaiwa santimita 145 zuwa 147. Abin dubawa shi ne inda haɗin yake. In a tsakiya yake, irin sandunan Amurka, kowane rabi wajen santimita 74 ne, gida mai tsawon 80 da 'yan kai ya ishe ka. In kuwa haɗin yana can ƙasa kusa da inda kake riƙewa, irin na sinukar Ingila da 'yan Sin ke kwaikwaya, to dogon ɓangaren ya wuce mita ɗaya, kuma gidansa daban ne, dogo siriri kamar akwatin takobi. Wani yaro a fadarmu ya ba direba saƙo Kano ba tare da awo ba. Da gidan ya iso ya zura sandar, sai ga kanta a waje ya fi taƙi guda. Har yau yana nan rataye a ɗakinsa, ya rasa mai saye.

Za ka kuma ga lambobi a jiki, 1x1, 2x2, 2x4, 3x5. Ta farko yawan gindin da yake ɗauka ne, wato rabin da ake riƙewa, ta biyu yawan kai, rabin da ke bugun ƙwallo. Mai sanda ɗaya 1x1 ya ishe shi, amma ni 2x2 nake ba da shawara, don in wasan ya shiga jininka za ka nemi wata sandar ta fasa ƙwallaye, ka daina azabtar da bakin mai kyan. Manyan nan na 3x5 kaya ne kawai a kafaɗa.

To ga yadda na kashe tawa. Sanda ce ta itacen mapul, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, fara tas, santsi kamar an shafa mata mai. Na sa ta a jakar roba mai laushi da aka ba ni kyauta tare da ita, na kama hanyar Maraɗi za mu yi wasa da abokai. A tasha yaron mota ya ce ba ta shiga ciki, ya karɓa ya tura ƙasa wajen kaya, ni kuma kunya ta hana ni musu. A Tasawa aka loda buhuna. Da muka sauka na ciro ta ba karaya ba tsaga, na ce alhamdu lillahi. Sai da na ɗaura ta na mirgina a kan koren yadin tebur na ga abin da ya faru: bakinta na ɗagawa yana faɗuwa, haske na leƙowa ta ƙarƙashi yana ɓacewa, tana tafiya kamar mai ɗingishi. Na rataye ta wata guda da dutse ɗaure a ƙasa, wani ya ce in gasa ta a tururi, duk na yi. Ta ɗan miƙe, damina na zuwa ta koma gidan jiya. Jakar mai laushi ƙarzuwa da ƙura kawai take karewa. Danniya, faɗuwa, ko wani ya zauna a kai a benci, ba ruwanta.

Kai kuma na san a kabu-kabu ko moto za ka riƙa yawo da ita. Nan ma mai tauri ne maganin, kuma ka duba igiyar ratayawa sosai, ka ja ta da ƙarfi a gaban mai sayarwa ka ga ɗinkin. Ka rataya ta a tsaye ko a karkace a bayanka. Kada ka gicciya ta a cinya kana ratsa cunkoson Kasuwar Dole, amalanke ɗaya ya ishe ta.

Abin da mutane ba su kulawa da shi shi ne cikin gidan, alhali can ne aikin yake. Gida nagari kowane rabi da raminsa, ba su taɓa juna. Ka sa sandar, ka rufe, ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji ƙwas-ƙwas, ajiye masa kayansa. Ka zura yatsa ka ji shimfiɗar, ta zama mai laushi, ba gam da ya bushe ya yi kaifi, kuma a ƙasan ramin a samu soso, don duk lokacin da ka saki sandar can take dira. Yawancin waɗanda nake gani a hannun yara na Sin ne, wasu an manna musu sunan Predator ko wani babban kamfani. Ni sunan bai dame ni ba. Akwai masu kyau cikinsu, akwai kuma wanda kwali ne aka lulluɓe da baƙar roba, bazara ɗaya ta ɗaye shi kamar fatar maciji. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ya lotsa ka san araha ba ta ado.

Sai maganar da babu gidan da zai yi maka ita, wato rana. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota ko shagon kwano da aka kulle da azahar. Baƙin gida kuwa zafi yake sha. Itace yana numfashi ko bayan an sare shi: a watan Agusta ya sha laima ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke. Wannan kai da komowar ce ke karkatar da sanda a hankali, ita ce ke sa ka ji zoben bakin ya fito yana kama yatsa, ko fatar bakin ta ɓalle tsakiyar wasa don gam ɗin ya bushe. Don haka a gida ka nema mata ɗaki mai inuwa, nesa da randa, nesa da taga. Ko dai ta kwanta sosai ko ta tsaya cak cikin gidanta. Jingina ta tsirara a kusurwar ɗaki na makonni shi ne ya kusa kashe min ta biyu. Akwai sandunan kabon baƙaƙe da suka yaɗu tun da Predator ta fito da Revo a 2016, su laima ba ta karkatar da kansu, amma kuɗinsu ba na irinmu ba ne, kuma su ma in an danne su ko sun faɗi ba su ji daɗi ba.

Ƙurar hunturu zif take fara kashewa. Ka riƙa kaɗe shi da tsohon buroshin haƙori kana goga masa kyandir. Kuma kafin ka mayar da sanda, goge allin bakin da tsumma. Na taɓa zazzage gidana bayan shekara biyu, shuɗin garin da ya zubo da yashi ya kusa cika cokalin shayi, kuma shi ne ke rina farin itacen yana ƙarzarsa duk shiga da fita. Allin ka sa shi a aljihun waje. In sandar ta zo da 'yan murafan nan da ake murɗawa a kan haɗi, kada ka yar, su ke kare ƙusar daga lanƙwasa.

In kuɗi bai kai ba, ko ba ka da mai zuwa Kano, ga abin da nake amfani da shi yanzu, a nan garin aka yi shi. Na sayi tiyon ruwa na PVC mai faɗin milimita 75 wajen masu kayan famfo, aka yanka min daidai tsawon rabin sanda da ƙarin yatsa huɗu, da murfi biyu. Gindin sanda kaurinsa wajen milimita 32 ne, kan kuma 21 zuwa 22 a wajen haɗi, ka ga su biyun da yadinsu suna shiga a sake. Na manne murfin ƙasa, na cusa guntun soson katifa a ciki, na sama ma haka. Tela ya ɗinka min doguwar riga mai aljihu biyu da yadi mai laushi, kowane rabi da nasa. Sannan na kai wa wani dattijo baduku ya yi masa kube na fatar akuya da igiyar ratayawa. Da na gaya masa abin da za a sa ciki ya yi dariya ya ce ya yi wa takobi kube, ya yi wa wuƙa, yau ga shi zai yi wa sanda. Aikin dukawan Damagaram ba sai na yaba maka ba. Abu ɗaya kawai: fatar ta tsaya a waje. Jan rini da man da ke jikinta suna kama farin itace, in sun kama kuwa ba su fita. Ka zaɓi fata mai haske don rana.

Aibinsa biyu ne. Yana mirginawa in ka ajiye shi a benci, sai ka tokare. Kuma a hanya, duk shingen da aka tsayar da mota sai jami'i ya nuna shi ya ce mene ne wannan, don haka ka sa murfin ya zama mai saurin buɗewa, ka buɗe da kanka da fara'a kafin a tambaya.

Auna dogon ɓangaren, ka gaya min santimita nawa ne da inda haɗin yake. In tsawon sandunanmu ɗaya, zo fada bayan la'asar ka gwada taka a nawa kafin ka kashe kuɗinka.