Basilisk ga 'yan mataki na 3: ka sa shi, amma ka tanadi magani

Ɗan'uwa, ka ce kana jan wasan Dungeons & Dragons (wasan labarin jarumai da dodanni da ake yi da dayis) a Agege, Legas, 'yan wasanka huɗu jarumansu suna mataki na 3 na ƙarfi, kana tambaya ko dodon nan basilisk, mai mayar da mutum dutse da kallo, ba zai gama da su ba. Ka sa shi. Amma kada su shiga kogonsa ba ka tanadi hanyar dawo da wanda ya sandare ba.

A littafin dodanni na 2014, ƙaton ƙadangare ne mai ƙafa takwas, kamar damon da ya ƙoshi. Jininsa (yawan raunin da zai iya ɗauka) 52, kariyarsa (lambar da ake nema kafin a same shi) 15, taku 20 kacal yake yi a zagaye ɗaya, don haka ana tsere masa. Cizonsa 2d6+3 ne (dayis biyu masu fuska shida, a ƙara 3), da dafin 2d6 a kai.

Masifar tana idonsa. Duk wanda ya fara zagayensa cikin taku 30 suna ganin juna, zai jefa d20 (dayis mai fuska 20) ya haɗa da makin ƙarfin jikinsa, yana neman 12. Ya faɗi, jiki ya fara ƙagewa, ba ya iya gusawa. Ƙarshen zagayensa na gaba ya sake jefawa. Ya kuma faɗi, ya zama dutse. Mai sihirin da ba shi da ƙarin makin ƙarfin jiki, kusan kashi 30 cikin 100 zai faɗi duka biyun. Sihirin Greater Restoration kuwa, da ke warware wannan, sai mataki na 9 ake samu. Nan masu jan wasa ke kuskure: mutum ya sha cunkoso tun daga Mile 12, minti goma da zama an mayar da shi gunki, ya koma ɗan kallo. Abin ba daɗi.

Saboda haka ka yi musu ishara tun a bakin kogo: gunkin maharbi ya ɗaga hannu yana kare fuska, an gatsa cinyarsa, ga ɓarɓashin dutse a ƙasa. Wanda aka shammata ba shi da ikon kau da kai. Wanda ya kau da kai ya tsira, sai dai saransa zai zama na makaho: dayis biyu, a ɗauki ƙarami.

Madubi yana aiki, amma sai cikin haske sosai kuma cikin taku 30, lokacin dodon zai ɗauka kishiya ce ya kafa wa kansa ido. A duhu aikin banza ne.

Maganin kuma yana jikinsa. Ruwan maƙogwaronsa ke mayar da dutse nama in ya ci, don haka ka ajiye mai haɗa magani a ƙauye mafi kusa, ya dafa musu man shafawa daga gare shi.